Numfashin Opal

Litinin, 23 ga Yuli, da hantsi

Twila ta zo ta ɗauki ubanta. Ni na haɗa masa kaya, ni na ɗora tukunyar iskar numfashinsa a kujerar baya na ɗaure ta da bel kamar jariri, don haka kada wani ya ce ban yarda ba. Na yarda. Huhun mijina Doyle ya gaji ba tun yau ba, kuma tun da jan ruwan nan ya iso gaɓa, iskar da ke tasowa daga teku ta zama kamar an zuba barkono a wuta. Mu masu lafiya ma tari muke yi, ido na zubar da ruwa. Gidan Twila yana can cikin ƙasa, tafiyar awa biyu a mota, inda ba abin da mutum zai shaƙa sai warin shanu.

Ya shiga motar yana mita, yana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Shekara saba'in... guguwa ba ta kore ni ba... sai ruwa mai launi."

"Ba korar ka aka yi ba, tsoho, aron ka na bayar," na ce. "Twila, ki dawo min da shi yadda na ba ki."

"Mama, ki shigo mu tafi gaba ɗaya mana. Ga wuri."

Kafin in buɗe baki ya riga ni. "Verna tana nan. Wa zai duba Opal?" Ya miƙo hannu ta taga ya kama nawa. "Kada ki bar gidan nan sai kin gan ta."

Na ce to. Twila ta ɗaga ido sama, irin ɗagawar da ta koya tun tana 'yar shekara goma sha uku.

Tunda ba ni da wanda zan yi wa surutu, bari in yi wa takarda. Opal ayu ce. Akwai wani ɗan idon ruwan daɗi da ke ɓuɓɓugowa ƙarƙashin dandamalin katakonmu, a ƙarshen mashigin da ya ratsa bayan gidajenmu, kuma shekara goma sha tara ke nan tana zuwa sha duk bayan 'yan kwanaki. Ana gane ta da tabo uku da farfelar wani jirgi ta bar mata a gadon baya. Doyle ne ya sa mata sunan gwaggonsa, wai kamarsu ɗaya: ga ƙiba, ga gashin baki, kuma ba a taɓa jin ɗayarsu ta ce ta ƙoshi ba. Ta fi mako ba mu sa ta a ido ba.

Laraba, 25 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Mashigi ya cika da mataccen kifi, fari fat, daga bakin teku har bayan gidanmu. Kaza za ta iya takawa ta haye ba ta jiƙa ƙafa ba.

Rediyo na ta bayani, wai wata irin gansakuka ce da ido ba ya gani, ta yi yawa har ta rina ruwa, kuma guba take fitarwa. Sun ce gubar tana maƙalewa a ciyawar ƙasan ruwa, wadda ayu ke kiwo. A nan na kashe rediyon. Kakana ya san jan ruwa, ubana ya san shi. Yakan zo ya yi mako biyu ya kama gabansa. Wannan da tabarmarsa ya zo.

Na rufe ɗakin banda. Tun ina amarya nake banda kifi ina sayarwa a bakin gada, kuma ba wanda ya taɓa cin kifin Verna ya kwana da ciwon ciki. Ba bana za a fara ba.

Juma'a, 27 ga Yuli, da yamma

Mun yi da Mista Novak. Shi ne maƙwabcinmu na hagu, ɗan gudun sanyi daga Ohio, wanda ya zo hutun wata uku shekarun baya ya manta hanyar gida. Na leƙa na ga ya sake rataya tiyo a bakin dandamalinsa, ruwa na zuba.

"Mista Novak, wa kake shayarwa?"

"Opal mana. Idan ta ji ruwan daɗi za ta zo. Taimako nake yi, Verna."

"Mis Verna dai. Kuma doka ta hana. Ba a ba su ruwa, ba a ba su abinci, ba a taɓa su. Ka saba mata da mutane, gobe ta ji ƙarar inji ta nufe shi ta ɗauka abokin arziki ne. Kana tsammani tabon nan uku kwalliya ce?"

"To ai naku idon ruwan ma a ƙarƙashin dandamali yake."

"Namu Allah ne ya kunna, naka kamfanin ruwa."

Ya kashe yana gunaguni ta hanci irin na mutanen garinsu.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗora ko ɗan yatsa a jikin Opal ba. Ta sha zuwa ta kawo hanci kusa da ƙafata ina wanke kwando, sai in janye ƙafar. Doyle ma haka. Mun san haƙƙin maƙwabtaka, ita da harkarta, mu da tamu. Ina alfahari da wannan, kuma ba na ɓoyewa.

Asabar, 28 ga Yuli, da safe

Iskar yamma, daga teku. Ba ta zo ba.

Lahadi, 29 ga Yuli, bayan coci

Rabin masu waƙa tari suke yi, har fasto ya gajarta wa'azi, abin da roƙon shekara da shekaru bai sa ya yi ba. Da aka tashi, mu mutanen mashigi muka fito da manjagara da buhuna, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle. Ba mu jira hukuma ba. Odessa, da ƙugunta na ƙarfe, ta zauna a kujera tana riƙe bakin buhu tana ba da umarni kamar ita ta haife mu. Ƙawata ce tun firamare, kuma tun lokacin take ba da umarni.

A cikin kifin muka tarar da kunkurun teku, babba, ina jin ya girme ni. Maza huɗu suka ɗaga shi suka ajiye a gefe. Tsuntsayen kwasakwasa da ke zama a kan sandunan mashigi duk babu su. Ban san ko tashi suka yi ba, ba na kuma son in sani.

Doyle ya kira. "Ta zo?" Na ce tukuna. Ya ce Twila na ba shi abinci ba gishiri, in zo in cece shi. Na ce ya sha, ai ya daɗe yana jin daɗi a hannuna. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama tari, yadda ta saba. Na riƙe waya har ta lafa.

Talata, 31 ga Yuli, da safe

Iskar yamma. Ba ta zo ba. Na dama faten masara na mutum biyu, mantuwa.

Alhamis, 2 ga Agusta, da la'asar

Aka ce an tsinci mataccen ayu a bayan tsibiri. Na ɗauki kwalekwalen Doyle na je da kaina, da tawul a hanci. Ma'aikatan kula da namun ruwa sun riga ni isa. Wata yarinya a cikinsu, Yesenia, fuska duk rana ta ƙone, ta bar ni na matsa na duba bayansa. Babu tabo uku, namiji ne ma. Na ji daɗi, sannan na ji kunyar jin daɗin.

Ta ba ni lambarta. "Idan kin gan ta tana kifewa gefe, leɓe na rawa, ki kira ni nan take. Gubar ba kashe su take yi kai tsaye ba, Mis Verna. Jiki take kashewa, sai su kasa ɗago hanci, su nutse a ruwan da bai kai ƙugu ba. Idan aka samu aka riƙe musu kai har ta fita daga jikinsu, da yawa suna tashi."

Yarinyar tana da tarbiyya. Ba wanda ya gaya mata, da kanta ta ce Mis Verna.

Asabar, 4 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Twila ce ta ɗauki waya. Wai yana barci. Doyle, barci da hantsi.

Ta ce likita ya faɗi wata magana game da Doyle da iskar teku, wai rabuwarsu ba ta bana kaɗai ba ce. Likita bai taɓa ganin Doyle yana jefa birgin kamun kifi ba. Na ce mata na bar ruwa a kan wuta.

Ba ta zo ba.

Litinin, 6 ga Agusta, da yamma

Iskar yamma. Doyle ya ce a waya, "Ta zo?" Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Laraba, 8 ga Agusta, da safe

Hannuna a gajiye yake, rubutun zai fita kamar tafiyar ƙaguwa, amma sai na rubuta abin da ya faru jiya kafin mutane su fara ƙara masa gishiri.

Na fito da kofi na tsaya a dandamali, sai na ji huci can gindin itatuwan da saiwarsu ke cikin ruwa. Ba irin hucin da na sani ba. Na Opal yakan fito a natse, fuu, kamar tsohuwa ta zauna bayan doguwar tafiya. Wannan rabi iska ne rabi ruwa. Tana kwance a gefe ɗaya cikin matattun kifi, tabo uku a sama, leɓenta na rawa. Ina kallo hancinta ya nutse, ya daɗe bai fito ba.

Na kira Yesenia.

"Motocinmu biyu duk suna kudu, kowacce da ayu a ciki. Ba zan iso ba sai wajen la'asar. Ruwan wurin zai kai miki ina?"

"Ƙirji. Idan ya cika, wuya."

"Ki shiga ki tallafo haɓarta, hanci kawai ya zauna a waje. Ki tsaya ta gaba, ki yi nesa da wutsiya."

"In taɓa ta? Doka fa?"

"Mis Verna, yau ni ce dokar. Na ba ki izini. Shiga."

Na ajiye wayar a kan dandamali, na shiga da rigar barci da takalmin robar Doyle.

Ashe haka fatarta take, kamar tayar mota da ta sha rana. Gashin bakin yana suka. Kan nan kuwa da ke yawo a ruwa kamar ba komai, nauyin jiƙaƙƙen buhun masara gare shi. Na cusa kafaɗa ƙarƙashin haɓarta na rungume. Ta buɗe hanci daidai kunnena, ta saki numfashi mai zafi mai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa, ta ja sabo. Na ce mata, "Yawwa, gwaggo. Haka za mu yi ta yi."

Ban kira kowa ba. Mista Novak ne ya fito da farin gajeren wandonsa ya hango ni.

"Verna, me nake gani? Taɓa ta kike yi?"

"Da izini. Za ka tsaya karanta min doka ne, ko za ka shigo?"

Ya kalli kifin da ke yawo, ya kalli wandonsa, ya shigo. Ya yi amai sau ɗaya, ya goge baki, ya kama ɗaya gefen. Zan rubuta wannan domin gaskiya ce: mutumin Ohio bai saki ba.

Odessa ta taho da sandunanta da babbar lema da bokiti mai igiya. Ta kafa kujera a bakin ruwa, tana kwara wa Opal ruwa a baya don kada rana ta gasa ta, tana miƙo mana shayi mai ƙanƙara da tsinken zuƙa, tana gaya wa kowa inda ya yi kuskure. Labari ya bi gida-gida. Duk wanda ƙafarsa ke iya ɗaukarsa ya shigo, suna karɓa-karɓa suna tokare jikinta kada ta kife. Kan dai ban ba kowa ba. Can wata jijjiga ta kama ta, ta watsar da mu gaba ɗaya, na nutse na sha ruwan nan na taso ina tari, na lalubo haɓar na mayar da kafaɗata inda take.

Wajen tsakar rana ruwa ya cika ya kai min wuya, hannuwana suka mutu, ban ma san suna jikina ba. Hancinta ya fara taɓa ruwa.

"Verna, ki bar wa maza haka nan," in ji Odessa.

"Maza su riƙe abin da aka ba su."

"To ki nutse ke da ita, mu huta da taurin kanki."

Sai na tuna da rigar ceton Doyle. Twila ce ta saya masa wata Kirsimeti, mai launin ruwan lemo, kuma tun ranar take rataye a ƙusa a ɗakin kaya, da takardar shago a wuyanta. Doyle ya ce masuncin da ya sa wannan ya gaya wa teku bai yarda da ita ba. Duk mazan mashigin nan haka suke, shi ya sa layin gaba a coci ya cika da matan da ke zama su kaɗai, har da Odessa. Na ce a ɗauko ta. Muka cusa ta ƙarƙashin haɓar Opal, Mista Novak ya zagaya da igiyoyin ta bayan hannayenta ya ɗaure. Kan ya tashi ya zauna a saman ruwa. Daga nan tafin hannu kawai nake sawa ina daidaita shi, ina jiran hucin nan a fuskata, idan ya zo in ce yawwa.

Mota ta iso da la'asar. Suka shimfiɗa tamfol mai hannaye a ƙarƙashinta, aka ce duk mai sauran ƙarfi ya kama. Akwai mutane biyu a wurin da suka shekara ba sa ga maciji saboda iyakar shinge, jiya hannu ɗaya suka riƙe. Muka ɗaga ta muka sa a mota, da rigar Doyle a wuyanta. Yesenia ta ce, "Ba zan yi muku alkawari ba. Amma tana numfashi, kuma ku kuka sa."

Mista Novak ya zauna a ciyawa yana share ido, wai gubar ce. Na ce ni ma ita ce. Na kuma ce masa daga yau ya iya ce min Verna.

Ina so a sani: tsofaffin mashigin nan, da ƙugun ƙarfe da ciwon suga da haƙoran roba, mun tsaya cikin ruwan guba wuni guda ba mu bari ta nutse ba. Ko a gaban wa zan faɗa.

Da na hau dandamali na ɗauki wayar, rana ta gasa ta har tana ƙona hannu. Sunan Twila ne a jere daga sama har ƙasa. Na kira ta. Ba zan rubuta wannan yau ba.

Alhamis, 9 ga Agusta, da hantsi

Mun fito a jarida. Ni ce a tsakiya, gashi a manne kamar jiƙaƙƙiyar kyanwa, hancin Opal a kumatuna. Sun rubuta sunana daidai, sun ɓata na Mista Novak, ya sayi guda biyar duk da haka. Na manna tawa a jikin firij.

Fatar hannuna duk ta yi ja tana ƙaiƙayi. Yesenia ta ce Opal na cikin ƙaramin tafki a gidan jinyar dabbobi, ma'aikata na tsaye da ita dare da rana. Har yanzu ba ta ɗaga kai da kanta.

Juma'a, 10 ga Agusta, da yamma

To, bari in rubuta. Ran Talata da safe, daidai lokacin da nake cikin ruwa, aka kai Doyle asibiti. Twila ce ta tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan tana tallafe da shi.

Na fara ba ta labarin Opal don ta gaya masa, ta katse ni.

"Mama, kin riƙe kan ayu wuni guda. Sannu da ƙoƙari. Ni kuma ina nan riƙe da kan mijinki."

Ba ta ɗaga murya ba. Halina ta ɗauko, ta san inda ake sa wuƙa.

Lahadi, 12 ga Agusta, bayan coci

Odessa ta biyo ni har kicin ba a gayyace ta ba.

"Me kike yi a garin nan har yanzu?"

"Doyle ya ce kada in bar gida sai na ga Opal."

"Ai kin gan ta. Har rungumarta kin yi, duk jiha ta gani a jarida."

"A kwance na gan ta. In je ya ce ta zo, in ce masa me? Ta zo, ban san ko za ta tashi ba? Ba zan shiga ɗakin nan hannu wofi ba, Odessa."

Ta daɗe tana kallona. "Ni da a ce teku ta ba ni ɗakin da zan shiga in ga mijina Harlan, da rarrafe zan je, ko hannu babu."

Ta tafi ta bar min ƙofa a buɗe, sauro suka shigo.

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ban ji tsoron guguwa ba, ban ji tsoron ruwan nan ba. Mutumin da ya taɓa ɗaukata da kwandon kifi a lokaci ɗaya ya haye laka da mu, shi nake tsoron gani a kan gadon nan. Na faɗa, shi ke nan.

Talata, 14 ga Agusta, da safe

Iskar gabas kaɗan, wari ya ragu. Ba labari daga Yesenia. Twila ta aiko da saƙo: sun sallame shi, an kawo masa gado mai ɗagawa gidanta, wata ma'aikaciyar jinya za ta riƙa zuwa kullum. Ba ta ce ya ji sauƙi ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 15 ga Agusta, da yamma

Ba labari. Na goge ɗakin banda sau biyu.

Alhamis, 16 ga Agusta, da la'asar

Yesenia ta zo da kanta, da leda a hannu. Tun daga mota na gane fuskarta.

"Ta ɗaga kai jiya da safe, Mis Verna. Yau ta ture ma'aikaci ta cinye latas ɗin maƙwabciyarta."

Ta nuna min a waya. Ga Opal nan, tabo uku, tana tura ganye a baki da hannu bibbiyu ba kunya ba tsoron Allah. Na ce a maimaita. Na sake cewa a maimaita. Na sa ta tura min.

A cikin ledar rigar Doyle ce. Sun wanke ta, amma warin ciyawa na nan, kuma gashin bakin Opal ya kakkarce wuyan.

"Yaushe za ku dawo mana da ita?"

"Idan ta ƙara ƙarfi za mu sake ta, amma ba a nan ba. Ciyawar nan za ta daɗe da guba ko bayan ruwa ya washe. Can arewa za mu kai ta, inda ruwa ke da kyau."

"Nan ne gidanta. Shekara goma sha tara."

"Na sani. Amma yanzu duk inda za ta iya numfashi, can za ta zauna. Ba don ta zauna a mashigi kuka riƙe ta ba ai, don ta rayu ne."

Yarinyar ayu take nufi, ba ta san komai game da gidana ba. Na ba ta burodin masara ta tafi da shi.

Juma'a, 17 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Na kashe gas, na kwashe firij, na ɗauki jaridar. Kaya na ɗauka da yawa, ba na kwana biyu ba. Na kai wa Mista Novak makulli.

"Ka riƙa leƙa idon ruwan. Idan ta dawo wata rana, ka gaishe ta daga nesa. Tiyon nan kuwa, idan na ji labarinsa, daga can zan aiko maka da 'yan sanda."

"Ke kuma yaushe za ki dawo, Verna?"

Na ce masa ya kula da matakala ta uku, tana rawa.

Odessa na tsaye a ƙofarta da sandunanta. Ba ta ɗaga hannu ba, kai kawai ta gyaɗa, kamar ita ta ba da umarnin.

Asabar, 18 ga Agusta, da hantsi, gidan Twila

Doyle ya ragu. Aron da na bayar ba haka yake ba, amma ban ce wa Twila komai ba, domin na ga idonta, na ga kuma yadda take juya shi da hannu ɗaya ta gyara zanen gado da ɗayan. Ba wanda ya koya mata. 'Yata ce, kuma da akwai jaridar da ke ɗaukar irin wannan hoton, ita ce za ta fito a tsakiya. Na gaya mata haka a kicin. Ta ce in daina, za ta ƙona ƙwai.

Ba ya iya kwanciya. Zaune yake, ya sunkuyo gaba a kan ɗan teburin gado, haka ne kawai iska ke shiga. Matasan kai da Twila ke tara masa laushi gare su, suna lotsawa, haɓarsa ta sauka ƙirji, sai an ɗago shi.

Ya buɗe ido ya gan ni. Bai ce ina kika tsaya ba.

"Ta zo?"

"Ta zo, tsoho. Ta kwanta, ta tashi. Ga ta nan tana satar abincin mutane kamar gwaggonka."

Na riƙe masa wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya motsa ɗan yatsa, na maimaita. Na nuna masa jaridar, ya daɗe a kan hoton.

"Kin taɓa ta."

"Da izini."

Kafaɗarsa ta girgiza da dariya, haɓar ta fara sauka. Na ture matasan nan gefe, na fito da rigar daga leda, na naɗe ta biyu na cusa ƙarƙashin haɓarsa da ƙirjinsa. Kan ya tashi ya zauna. Ya ja iska, ta shiga. Ya sunsuna wuyan rigar, ya kalli launin, ya kalle ni.

"Shekara goma... ina gudun rigar nan... ashe a tudu... za ta kama ni."

"Yi shiru ka yi numfashi. Wadda ta fi ka nauyi ma ta sa ta."

Yanzu yana barci, tafin hannuna na hagu a goshinsa, ina rubutu da na dama. Duk sa'ad da hucin ya zo, ina ce masa yawwa. Twila ta leƙo ta ce za ta karɓe ni. Na ce ta je ta kwanta, hannuna ya riga ya saba.